Taikin Ƙanzon da Kika Bari

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Wannan takarda ta fito daga bakin Fanna mai tuwo ta kasuwar Gure, da hannun Malam Bukar limamin unguwarmu, zuwa ga ƴata Yagana a Zangon Damagaram. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina gaida mai gidanki, ina gaida jikata Zara, ki ce mata kakarta ta ce ta bar cin ƙasa. Allah ya sa kun sauka lafiya, Allah ya sa jakuna ba su ba ku wahala a rairayin hanya ba, Allah ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa, ita kuwa kin san halinta.

Bayan gaisuwa, ba labari zan ba ki ba. Kwana tara da tafiyarki, me zai faru a Gure? Maganar taiki ce, buhun fatar nan. Ranar da kuka tashi, da na koma ɗaki zan yi shara, sai na tarar da taikin ƙanzon da na ɗaure miki da hannuna an tura shi ƙarƙashin gadona, har an ja tabarma an rufe. Kada ki ce mini mantuwa kika yi, Yagana, wanda ya manta abu ba ya tsayawa rufe shi da tabarma. Na san dalili. Kunya kika ji ki shiga Damagaram, gaban dangin mijinki, da jaki ɗauke da ɓawon gindin tukunya, a ce ƴar Gure ta zo da abincin matalauta. Na zauna bakin gado na yi ta zaginki a zuci har rana ta take. Da zuciyata ta huce sai na ga ba ke kaɗai ce abin zagi ba, don ban taɓa gaya miki abin da taikin nan yake ba.

Ga shi na sake ɗaure shi na ba Ari mai kanwa, shi zai kawo miki tare da takardar nan. Kada ki kwance shi, kada kuma ki mayar masa, sai an karanta miki maganata har ƙarshe.

Kin ce tuwo za ki riƙa sayar wa fatake a zango, kamar yadda kika ga ina yi. To madalla. Amma ki san bambancinki da ni. Ni ina da rumbu a bayan gida, ina da gona, in abin ya ɓaci ina da daji. Ke ba ki da ko ɗaya. Duk ƙwayar geron da za ta shiga bakin Zara sai kin auno ta a kasuwa, ranar da kasuwa ta ce babu, abin da ke cikin ɗakinki shi kaɗai ne naki. Kin ga abin da fara ta yi mana bara waccan, kuma wannan ba kome ba ne a kan abin da idona ya gani. Saboda yarinyar nan nake wannan dogon surutu.

Ni ma da ɓarna na fara. An kawo ni gidan babanki daga Gidigir ina ji da kaina, gidan ubana shanu da rumbu uku, tuwon da ya kwana awaki ake zuba wa. Na tarar da kakarki, uwar babanki, wadda aka sa miki sunanta. Shi ya sa nake ce miki Yagana, don bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Iya nake ce mata. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana, amma idonta na kan kome.

Da aka bar mini girki, da ido nake awo. In na ɗebo gero sai na ƙara, in na ƙara sai in sake ƙarawa, don a ce amaryar nan hannunta a buɗe yake. Kullum sai malmala biyu ko uku ta yi saura. Da safe a yi ɗumame, sauran ta yi tsami, ni kuwa tsoron ido sai in zaga bayan darni in tona rairayi in binne. Ashe kaji na bina. Wata safiya na fito na tarar da Iya tsaye, kaji sun baje tuwon nan fili suna ta tsattsaga. Ta ce, "Fanna, baki nawa ne a gidan nan?" Na ce, "Biyar, Iya." Ta ce, "To na shida da na bakwai da kike dafa wa, a wane ɗaki suke kwana, in je in gaishe su?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon ƙoƙo ta miƙo mini, ta ce cikinsa ɗaya babba ɗaya, rabinsa yaro.

To ke ma ki ware ƙoƙo ɗaya na awo, kada ki sha ruwa da shi, kada ki ba da aronsa. Tun kafin ki zuba gero a turmi ki tambayi wanda zai ci a gida da wanda zai ci a waje. Na san abin da za ki ce, in baƙo ya faɗo fa? In ya faɗo ki dama masa fura, ko ki ɗora kunu, kafin ya gama gaisuwa ya nuna. Shekara da shekaru ina tarbar baƙi, ba wanda ya taɓa fita gidana yana cewa an wulakanta shi don an ba shi kunu mai zafi.

Na kasuwa kuma ga yadda na koye shi. Farkon fara sayar da tuwona, wata bazara, wani mutum ya shigo gari da hantsi yana cewa ga ayarin Buzaye nan tafe da gishiri, raƙuma ba iyaka, kafin azahar sun sauka. Ban tambaye shi ko da idonsa ya gani ba. Na kira maƙwabta biyu muka hau daka, na ɗora manyan tukwane uku, na tuƙa, na kwashe, na jera malmala a akusa, har na bi su da miyar kuka da man shanu a kai don su yi kyan gani. Azahar ta yi, shiru. La'asar ta yi, shiru. Ashe ayarin ta Kelle ya ratse, wai rijiyar can ta fi ruwa. Kin san zafin bazarar Gure. Kafin rana ta faɗi tuwon ya fara gumi, na bi gida gida ina rabo, kowa ya riga ya yi nasa. Wayewar gari abin da ya rage yana yauƙi, ko awaki sai da suka sunsuna suka juya. Geron da zai riƙe gidanmu kwana goma ke nan na kai juji da kaina, ina tafe ina hawaye.

Tun daga ranar ban sake ɗora tukunya don labari ba. Sai na ga raƙumi ya durƙusa an fara sauke kaya. Ki yi dakanki, ki tankaɗe garinki ki ajiye a bushe, gari yana kwana bakwai ba abin da ya same shi, tuwo kuwa yini ɗaya gare shi. Ki nemi tukwane matsakaita guda biyu maimakon ƙatuwa ɗaya. Ta fari in ta kai rabi ki ɗora ruwan ta biyu, in kin ga mutane na ƙaruwa ki yi talge, in kin ga sun tsagaita ki sauke ruwanki ki yi wanke-wanke da shi. In an zo an tarar ya ƙare, ba abin kunya ba ne, ki ce a zauna ga wani nan kan wuta. Mutum ya fi son ya jira mai zafi.

Kuma kada ki zuba miya a kan tuwo sai in mai saye ya ce a zuba. Ki sa ta a ƙaramin kasko a gefe. Kin san halin mazanmu, namiji in ya ci abinci a bainar jama'a dole ya bar loma biyu ko uku a akushi, ko da bai ƙoshi ba, don kada a ce mayunwaci ne. Ba za ki hana su ba, haka suka taso. In miya ta jiƙa ragowar nan, ta tashi daga aiki, sai dabba. In kuwa tuwo ne fari, ki yanke gefen da hannu ya taɓa ki ba kaji, sauran ki fere shi sirara ki shanya a faifai, ya bushe ya zama na gida. Ki kuma rage girman malmala. Ki ba mutum matsakaiciya, in ya share ki ce, "A ƙara?" ki ɗan yanko masa. Wallahi ya fi jin daɗin wannan ƙarin a kan ki tula masa dutse a gaba, zai tashi yana cewa matar nan akwai kirki, ke kuma ba abin da ya zube.

Kada kuma ki ɗauka tattali shi ne ƙin rabuwa da abu, don nan ma na faɗi. Akwai shekarun da hannuna ya ƙanƙame har ya wuce kima. Wata rana miyar kuɓewa ta kwana mini, da safe na ɗanɗana na ji ta ɗan juya. Na sani sarai. Amma na dubi naman da ke ciki na kasa zubarwa, sai na jefa mata kanwa, na tafasa, na juye a cikin sabuwa. Akwai wani dattijo mai koro shanu daga Bune, kowace ranar kasuwa wurina yake ci, ranar nan ma ya ci. Kasuwa ta zagayo ya zo ya tsaya gaban rumfata, bai zauna ba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Fanna, cikina ya ce in gaishe ki, kwana uku muna hira da shi a bayan gari." Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Wata biyu ina zaune ina korar ƙuda, na yi asarar tsohuwar miya, na yi asarar sabuwa, na yi asarar mutane. Abin da ya lalace ya lalace, Yagana, ki zubar ki roƙi Allah gafara, gobe ki rage hannu. Miya ki yi ta kaɗan, ludayi ɗaya ya riƙa shiga cikinta, kada ki bar kowa ya tsoma nasa. Wadda ta yi saura da lafiyarta ki tafasa ta kafin ki rufe, ki sake tafasawa da safe, ku ci a gida. Abin da kuma kika ga ba za ku iya cinyewa ba, ki ba mabukaci tun yana da daɗinsa, kada ki jira sai ya fara wari ki kira shi sadaka.

Ruwan tsarin da kika wanke surfe da shi kada ki watsar, ki nemi ƴar akuya ko guda ki riƙa ba ta da dusa, za ta biya ki da nonon Zara. Itacen da ya rage in kin sauke tukunya ki zare shi ki tura cikin rairayi ya mutu, gobe shi ne zai fara kama miki wuta, na ji an ce a Damagaram itace ma sayensa ake yi. Ƙodagon goriba in yara sun gama gwigwiya ki tara, yana ci kamar gawayi. Kuɓewa da yakuwa in sun yi yawa da kaka ki yanka ki shanya a inuwa. Tokar kara ki tace ta ki sa ruwan a miya. Malam yana dariya, wai takardarsa za ta ƙare a kan toka. Allah gafarta Malam, rubuta, ai ba kai za ka zauna garin mutane da goyo ba.

Saura guda. Ya riga na kasuwa faruwa, na bar shi ƙarshe ne don shi ne mai nauyi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, babanki ma Allah ya jiƙansa ya tafi bai sani ba. Yau Malam Bukar zai ji, wanda zai karanta miki a can shi ma zai ji. To su ji.

Iya ba ta taɓa barin tukunyar tuwo ta sha ruwa ba sai ta kankare ta. In na kwashe, sai ta bar tukunyar a kan garwashi kaɗan har ɓawon ya ɗago, ta sa sakaina ta ɓamɓare, ta shanya a faifai a kan rumfa kwana uku, sai ya bushe yana karyewa ƙas, ta zuba a taiki. Taiki biyu gare ta a ɗakinta, ta ɗora su kan itatuwa saboda gara. Da damina ta ɗebi na ƙasa a jiƙa a kai gona, ta ci gaba da zuba sabo a sama, ba su taɓa sauka daga cike ba. Ni kuwa abin yana ba ni haushi. Ƙarar sakainar nan kullum, ƙurr, ƙurr, har maƙwabta na ji, sai in ga kamar shela ake yi cewa gidanmu ba a ƙoshi.

Da na haife ki, a bazara ne, aka aiko cewa mutanenmu na Gidigir za su zo suna, su gwaggona da matan ƴan'uwana, kuma ɗakin Iya za a sauke su. Na kwanta ina ta saƙe-saƙe. Za su shiga su ga taikin nan, su taɓa su ji ƙanzo ne, su koma gida su ce an kai Fanna gidan masu lasar tukunya. Ranar da kika kwana shida, da hantsi, Iya ta tafi daji yanko ganyen sabara na ruwan wankana, don ita ke dafa mini ruwan jego safe da yamma. Tana fita na miƙe, da ɗanyen jikina, na jawo taikin nan ɗaya bayan ɗaya har turke. Na zazzage a kwamin dabbobi, na kwara ruwa. Ragon suna ya ci, awaki suka ci, jakunan baƙin da suka riga isowa suka ci, har na maƙwabta na kira. Abin da tsohuwar nan ta tara da sakaina, kafin rana ta take babu shi.

Ta dawo da ganye a ka. Ta dubi kwami, ta dubi taiki biyu a yashe, ta dube ni. Na shirya faɗa, har na tanadi abin da zan ce. Sai ta sauke ganyenta, ta ɗauki taikin ta kakkaɓe kusurwoyinsu a faifai, ta sami abin da bai cika ƙoƙo ba, ta mayar cikin ɗaya. Ta ce, "Shiga ɗaki, iska za ta kama ki." Ta hura wuta ta ɗora ruwan wankana. Da babanki ya tambaya, ina ji daga ɗaki, ta ce masa gara ce ta shiga, ita ta ba dabbobi. Washegari aka raɗa miki sunanta, mutanen Gidigir suka ci nama, suka koma suna yabon gidan da aka kai ni.

Daminar shekarar nan ruwa ya yi sau uku ya ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Daga kaka muka bar tuwo muka koma kunu don ya kai mu, kunu kuwa ba ya barin ƙanzo. Abin da Iya ta samu tarawa tsakanin sunanki da kaka, rabin taiki ne, ko bai kai ba. Da rani muka sayar da awakin, waɗannan dai da suka ci ƙanzon. Babanki ya ɗauki jaki ya yi kudu neman hatsi, ya bar mu mu huɗu, ni da ke da yayanki da Iya. Geron iri yana cikin tulu an liƙe bakinsa da laka, Iya ta ce duk wanda ya taɓa shi ba ta yafe ba. Muka shiga daji tara ƙarangiya muna sussuka, muna ɗebo anza mu jiƙa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Har ɗaya taikin, wanda ba kome a ciki, muka yanka muka babbake muka dafa.

Kina shan nono, nonon yana janyewa. Sai Iya ta buɗe rabin taikin nan. Kowace safiya ta ɗebi tafi ɗaya ta jiƙa, ta ɗan marmasa gishiri, ta raba uku a ƴan ƙoƙuna, nawa, na yayanki, nata. Ta ba yayanki nasa ta tsaya ya cinye. Ta ba ni nawa. Sai ta juye nata a cikin ƙoƙona ta ce, "Haƙorana ba sa iya shi, anza ta fi mini taushi." Yagana, ƙanzon da ya sha ruwa ko ke mai haƙori huɗu kina iya haɗiye shi. Na san ƙarya take yi. Na sani, na kuma karɓa, kullum, ina kallon ƙasa. In na ce don ke na karɓa, gaskiya ne, amma ni ma yunwa nake ji.

Cikin tsoho ba ya ɗaukar anza. Ƙafafunta suka fara kumbura, tana jan su tana zuwa daji. Babanki ya dawo gab da damina da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ruwa ya sauka, muka fasa tulu muka shuka, shuka ta yi kyau, gero ya yi ciki, ya fitar da kai. A lokacin taiki ya daɗe da ƙarewa, Iya kuma ta daina tashi. Wata rana ina goge mata jiki na kasa daurewa, na ce, "Iya, ki yafe mini maganar taikin nan." Ta ce, "Wane taiki? Gara ce ta ci." Na ce, "Iya, ni ce." Sai ta ce, "To na ji. Ki riƙa kankare tukunya." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta rasu saura kwana tara a gasa tumun fari a gonarmu.

Na sha zama ina auna abin nan a raina. Rabin taiki ya riƙe mu wata biyu da ƴan kwanaki. Da biyun nan suna nan a cike, da kowa ya ci kasonsa har sabon gero ya shigo, da saura. Malam ya ajiye alƙalami yana cewa kwana in ya ƙare ya ƙare, ba ƙanzo ke riƙe rai ba. Gaskiya ne, Allah gafarta Malam, ban musa ba. Amma ni na san hannun da ya zazzage shi a kwami, kuma na san don me, don kada matan Gidigir su yi mini dariya. Yau a cikinsu ba wadda ta ma tuna an yi sunan.

Kin taso kina jin ƙarar sakainata, ke da ƙawayenki har waƙa kuka yi mini, ina jinku. Ban taɓa fasawa ba ko ranar salla. Taikin da Ari zai miƙa miki shi ne wanda ya rage, na Iya, na sa baduku ya sake ɗinke gindinsa sau biyu. Abin da ke ciki na tukwanen bana ne, ba ƙonanne ko ɗaya, na jefa busasshen barkono a ciki saboda ƙwari. Ki ɗora shi kan itace, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. Kada ki cinye shi don marmari. Ki riƙa ɗiba daga ƙasa kina zubawa a sama, ke da za ki tuƙa tukunya biyu uku a yini, kafin shekara kin cika na biyu. In dangin mijinki sun tambaya mene ne, ki ce ƙanzo ne, ki ce da ƙarfi. In sun yi dariya ki bar su su yi, dariya ba ta kwana biyu.

In kuma bayan duk wannan kin ga ba za ki iya zama da shi a ɗaki ba, kada ki ba dabba, kada ki kai juji. Ki mayar wa Ari ya dawo mini da abina, wurinsa yana nan. Amma ki sani nonon da ya raya ki a shekarar nan daga ƙoƙon tsohuwar nan ya fito, kuma Zara tana nan a bayanki da baki buɗe, ba wanda ya san irin daminar da ke tafe.

Allah ya tsare ku daga yunwa da cuta da sharrin mutane. Allah ya sa albarka a tukunyarki, ya sa abin da kika auna ya isa, ya raya Zara ta ga jikokinta. Allah ya jiƙan babanki, ya jiƙan Iya, ya sa ta huta, ya ciyar da ita abin da ta hana kanta. Ki gaida mai gidanki da kyau, ki aiko mini da amsa ta bakin Ari ko da kalma biyu ce, an karɓa ko an mayar.

Malam ya ce in faɗi sunanki na yanka ya rubuta a bayan takarda don kada ta ɓata a zango. Na ce ya rubuta da kansa, ai ya san shi. Ni shekara ashirin da biyu ke nan, har yau bakina bai kai ba.

Wassalam, daga uwarki Fanna.